Ruwan da Aka Ce In Goge

A Matama, garin bakin iyakar Habasha, na fara sanin cewa na bar gida. Tsakaninta da Gallabat ta ƙasarmu gada ce kawai, ana hango tutar Sudan daga inda nake tsaye, amma ina tsallakawa na zama ɗan gudun hijira kamar kowa. Ba wanda ya damu da cewa ina ɗauke da takardar gayyata daga wata jami'a a Indiya.

Sunana Idirisu, haifaffen Gadarif. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso a ƙafa za su Makka, suka ga baƙar ƙasa mai ba da dawa da riɗi, suka ce bari su ɗan huta. Har yau ba mu gama hutun ba. Na karanta ilimin harhaɗa magunguna a Hartum, yaƙi ya rufe makarantu, na dawo gida na zauna ina kallon yayana Abakar yana ramewa.

Abakar shi ne ɗan fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "yayanka". Shi ya bar makaranta yana bin aikin yankan riɗi a Simsim da Gedambaliya don ni in zauna a aji. A can, a gindin aduwa inda leburori ke kwana, wani mitsitsin ƙwaro da bai kai sauro ba ya cije shi ya sa masa kalazar. Cutar tana kawo zazzaɓin da ba ya tafiya, saifa ta kumbura, mutum ya bushe yana tsaye. An yi masa allurai masu zafi har ya kasa zama a kan tabarma, ya warke, daga baya ta dawo. Karatun da zan je yi a Indiya neman sabon maganin wannan cuta ne ta hanyar kwamfuta. Abin da ya hana ni sukuni tun daga gadar nan guda ne: ko zan dawo in same shi da rai.

Wani dillali mai farar hula da Larabci mai daɗi ya tare mu a bakin gada, ya ce shi zai buga mana hatimi ya samo mana mota zuwa Gondar. Na miƙa masa fasfo da hannuna. Rana ta take, ta karkata, ba shi ba labarinsa. Na zauna a kan dutse kusa da wata tsohuwa Bahabashiya mai sayar da gahawa, ina ji kamar a buɗe ƙasa in shiga.

Ta dube ni ta ce da Larabci, "Kai ɗan ina ne?"

Na ce Gadarif.

Ta ajiye butar gahawa, ta ɗaure zanenta, ta ce in biyo ta. Ta ratsa da ni ta bayan shaguna har wani ɗaki na kwano, inda muka tarar da dillalin yana cin abinci, fasfo-fasfon mutane tsibi a gefensa. Ban san abin da ta faɗa masa da yarensu ba, amma sai da mutane suka fara leƙowa. Ya jefo mini nawa ko kallona bai yi ba.

A hanyar dawowa na rasa bakin godiya. Ta ce in bar shi. Ta ce da ƙuruciyarta ta yi yankan riɗi a gonakinmu, ta sha tafiya a cikin garinmu da rana tsaka ba wanda ya san ta. "Masu ranku ba su cika kula ni ba," in ji ta, "amma na sha ruwan matattunku."

Na gane nufinta. A Gadarif ruwa tsada gare shi, a amalanken jaki ake kawo mana shi. Duk da haka, idan mutum ya rasu, danginsa kan jera randuna a ƙofar gida cikin inuwa, su riƙa cika su kullum, duk mai wucewa ya sha, ladan ya je wa mamacin. Sabil muke ce masa. Na sha ruwan sabil tun ina yaro ban taɓa tunanin wanda ke kwance a bayansa ba, sai ranar nan a Matama.

Addis Ababa sanyi ce da jiran biza. Na kama ɗaki da wasu 'yan Hartum da suka rasa komai, kowa da wayarsa a hannu yana jiran mummunan labari. Ni kuma kullum da hantsi sai na kira gida.

"Diktor," in ji Abakar, haka yake tsokanata, "har yanzu kana Habasha? Ya zol, mutumina, kai da tafiya sai ka ce kakanninmu. Kada dai kai ma ka ga gona ka zauna."

Na ce, "Yaya, ya jikin?"

"Kwayyis, da sauƙi, alhamdu lillahi. Zazzaɓi ne kawai yake zuwa gaisuwa da la'asar."

Na ji tarinsa bayan ya zaci ya kashe wayar. Na daɗe riƙe da ita a kunne.

Haidarabad ta karɓe ni da hayaniya da barkono. Mai ɗan sahun da ya ɗauke ni daga filin jirgi ya zaga da ni gari har na gane wani masallaci da muka wuce sau biyu. Masu gidajen haya suna ganin fuskata sai ɗakin ya zama an riga an kama. Wanda ya cece ni shi ne Manoj, ɗalibi a ɗakin binciken da aka tura ni, siriri mai tabarau, ɗan jihar Bihar. Da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya ce a ƙauyensu ma akwai cutar, ƙanwar mahaifiyarsa ita ta tafi da ita. A ranar ya matsar da katifarsa gefe ya ce in shimfiɗa tawa.

Shugabar ɗakin binciken wata farfesa ce mai furfura, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ita ta yi mini bayanin aikin. Ƙwayar cutar tana da wani furotin da ba ta rayuwa sai da shi, a jikinsa kuma akwai wani ɗan kogo. Idan aka sami maganin da zai shiga kogon ya toshe shi, ƙwayar ta mutu. Maimakon a yi ta gwada dubban magunguna a kwalba, sai kwamfuta ta gwada siffarsu ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓo waɗanda suka fi zama daram.

Da na buɗe hoton furotin ɗin a allon kwamfuta, na ga shi a murɗe kamar igiyar da aka jefar, kewaye da jajayen ɗigo-ɗigo. Na tambayi Manoj mene ne su. Ya ce ƙwayoyin ruwa ne, kuma abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne ya zaɓe su duka ya goge, don suna cika wuri suna rage wa kwamfuta sauri. Haka kowa yake yi.

Na ɗora yatsa a kan maɓalli na kasa dannawa. Ni da aka taɓa zane ni don na kifar da kofi ɗaya na ruwa a tsakar gida. Manoj ya yi dariya ya danna mini, jajayen ɗigon suka ɓace gaba ɗaya.

Da na ba Abakar labari, sai da dariya ta tayar masa da tari. "Wallahi Inna zo ki ji. Mun tura shi Hind ya nemo dawa, ya je yana zubar da moya." Dawa a bakinsa magani ne, moya kuma ruwa, haka Hausarmu take a cakuɗe. Daga nesa na jiyo Inna tana cewa, "Idirisu, yayanka ba ya cin abinci, ka yi masa faɗa."

Na yi watanni ina gwaji. Kwamfuta ta fitar da magungunan da ta ce ba kamarsu, na kai sunayensu ɗakin da ke ƙasa da namu, inda ake kiwon ƙwayar cutar a cikin 'yan kwanonin gilashi. Aka zuba mata su. Na leƙa ta madubin ƙara girma, na ga tana ta wutsil-wutsil da wutsiyarta kamar an ba ta fura. Wannan ce ke cin yayana, ga ta a gabana, ko gezau. Na fita baranda na yi kuka, ban ɓoye ba.

Farfesa ta kira ni ofis. Ba ta ba ni haƙuri ba, ta dai juyo da allonta ta ce, "A jikin ɗan'uwanka, furotin ɗin nan a busasshe yake zaune?"

Na ce a'a.

"To mayar masa da ruwansa."

Wannan aikin ya fi na farko nauyi nesa. Sai an saka furotin ɗin a cikin akwatin da aka cika da dubban ƙwayoyin ruwa na lissafi, a bar babbar kwamfutar jami'a ta lissafa motsin kowace ɗaya. Kafin a samu abin da bai kai ƙiftawar ido ba a rayuwar furotin, sai an jira makonni, kuma layi ake bi. Ni ma na shiga layi.

A lokacin ne zafi ya sauka a Haidarabad. Wata rana ina dawowa daga sallar Juma'a na ga rumfa a bakin titi, an jera randunan ƙasa an rufe su da jan ƙyalle, mutane suna tsayawa suna sha kyauta. Ƙafafuna suka tsaya da kansu. Na ɗauki hoto na tura gida, na kira.

Muryar Abakar ta yi ƙasa sosai a ranar. Ya ce an sake kwantar da shi a mustashfa, amma asibitin ya cika da mutanen da yaƙi ya koro, har a baranda ake kwana, allurar ma wata rana akwai wata rana babu.

Na ce, "Yaya, zan dawo. Karatun nan ko na gama, maganin ba bana ba ne, ba baɗi ba ne. Ka san haka."

"Na sani mana. Ka ɗauka ni jahili ne?" Ya numfasa. "Ka dawo ka yi mini me, fifita? Inna tana yi. Akwai yara a Simsim da ba a haifa ba tukuna, ƙwaron yana jiransu a gindin aduwa. Ka zauna. Halas, magana ta ƙare."

 Sai ya ce ya ga hoton randunan. Ya tambaya ko Indiyawa ma suna ɗaure moɗa da sarƙa. Na ce waɗannan dai sun ɗaure.

"Kai, mutane duk ɗaya ne. Ka ba mutum ruwa don Allah, sannan ka ce masa ɓarawo. Kuma sarƙar kullum gajera, yaro sai ya yi ɗage. Ni dai na gaya wa Inna, in tawa ta zo, ban da sarƙa. Wanda ya ɗauke moɗa yana bukatarta ne."

"Yaya, bar wannan maganar."

"Ma'alesh, yi haƙuri, Diktor. Wasa nake."

Ba a yi mako ba layin waya ya ɗauke a Sudan gaba ɗaya. Na kira har wayar ta gaji. Na bi duk ɗan Sudan da na sani a garin, kowa amsarsa ɗaya.

A cikin wannan shirun ne layina ya zo, babbar kwamfuta ta ba ni sakamako. Na kunna shi kamar fim. Ƙwayoyin ruwa suna ta kai da kawo, suna gogar juna, ba wadda ke tsayawa wuri ɗaya. Na rage su, na matso da hoton cikin kogon. A can ƙasa na ga guda ɗaya a zaune. Duk sauran suna wucewa, ita tana nan, ta kama bangon kogon ta gefe biyu. Can da daɗewa ta fice, kafin in ƙifta wata ta zo ta zauna daidai inda ta tashi.

Wurin da muka ɗauka fanko ne, ashe da mai shi. Duk magungunan da na zaɓa a baya na auna su ne da ɗakin da ba haka yake ba. Wanda zai yi aiki sai dai ya riƙe wannan ƙwayar ruwa ya jingina da ita, ko kuma ya zo da abin da zai maye gurbinta. Farfesa ta kalla sau ɗaya, ta gyaɗa kai, ta ce in sake komai daga farko.

Na canza wa ƙwayar launi zuwa fari don in riƙa gane ta. Na kan zo da sassafe in kunna fim ɗin in zauna ina kallonta, alhali na riga na auna duk abin da ake aunawa. Fankar kwamfutar tana wani sauti mai shiga da fita, ni kuma numfashin Abakar nake ji a ciki. Sau da yawa na ji tarinsa a baranda da rana tsaka, in leƙa in ga mai shara ne ko ba kowa. Manoj ya lura. Bai tambaye ni komai ba, sai dai ya ajiye mini shinkafa da miyar wake kusa da hannuna, ya ja kujera ya zauna muna kallon allon tare.

Da layi ya dawo, Inna ce ta ɗauka. Ta yi ta sa mini albarka, ta tambayi abincina, ta tambayi Manoj, wanda take ce wa "ɗan Hindun nan naka".

Na ce, "Inna, ina Yaya?"

"Yayanka ya tafi Simsim, ya waladi, ɗana. Ka san can babu shabaka, waya ba ta shiga. Yana gaishe ka."

Mu ba ma gaya wa matafiyi mutuwa ta waya, musamman wanda ya je neman ilimi. Ana bari sai ya dawo ya zauna a cikin danginsa. Na san wannan al'ada sarai, a cikinta na girma. Na kuma san mutumin da ba ya iya gama jimla sai ya huta ba zai riƙe lauje ba. Amma ban sake tambaya ba, ita ma ba ta ƙara ba. Kaka ta wuce, aka gama yankan riɗi, aka gama dawa, rani ya shiga, Abakar yana Simsim yana gaishe ni. Muddin ban tambaya ba, yana can. Da wannan na ƙarasa karatuna, ina jin tsoron wayata kamar maciji a aljihu.

A zagaye na biyu, cikin magungunan da kwamfuta ta zaɓa tare da farar ƙwayar, an sami waɗanda suka rage wa ƙwayar cutar kuzari a kwanon gilashi. Ba su kashe ta duka ba. Farfesa ta ce mafari ne mai kyau, tsakaninsa da allurar da za a yi wa mutum akwai shekaru masu yawa, wataƙila ma ya faɗi a hanya. Ta ce in zauna in ci gaba. Na ce sai na je gida tukuna. Manoj ya raka ni filin jirgi, ya cusa mini ƙullin ganyen shayi ya ce na Inna ne.

Na sauka a Bur Sudan, na hau bas ta Kasala. Shingen sojoji ba iyaka, a kowanne sai an sauke mu an zazzage jaka. Wani soja ya buɗe kwamfutata ya ga furotin a murɗe da farin ɗigo a tsakiya, ya tambaya ko taswira ce. Na ce magani ne. Ya ce na me. Na ce kalazar. Ya rufe ta a hankali ya miƙo mini, ya ce Allah ya taimaka.

Mun shiga Gadarif da azahar, rana kamar za ta fasa kai. Garin ya cika da baƙin fuska, makarantar da na yi firamare an shanya kaya a tagoginta, iyalai suna dafa abinci a filin ƙwallo. Ban gaya wa kowa ranar zuwana ba. Na rasa abin hawa, na saɓa jaka na taka, ƙasar nan tamu ta tsattsage saboda rani har ƙafa tana faɗawa. Kafin in kai unguwarmu harshena ya manne da ganɗa.

A gindin dalbejiyar da ke tsakanin ƙofarmu da ta maƙwabcinmu na ga sababbin randuna a kan karagar ƙarfe, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu. Maƙwabcin namu tsoho ne tukuf tun kafin in tafi. Na ce a raina, Allah sarki, Baba Alhaji ya tafi. Na ajiye jaka, na buɗe ta tsakiya, na ɗebo. Ruwan sanyi ƙarara, da ƙanshin ƙasa. Na sha, na ƙara, na zuba saura a ka. Na ce Allah ya jiƙan mai wannan ruwa, ya sanyaya masa kabari kamar yadda ya sanyaya mini maƙogwaro.

Na juya zan mayar da moɗar, hannuna yana laluben inda sarƙa take don kada ta harɗe. Na duba jikin karagar, na duba hannun moɗar. Ko alamar inda aka taɓa ɗaura wani abu babu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Ƙofar Baba Alhaji ta buɗe, ga shi da sandarsa da ransa, ya gan ni, ya koma ciki. Sai tamu ta buɗe. Inna ta fito da bokitin ruwa a hannu, ta tsufa fiye da shekarun da na yi. Ta tsaya. Ta dubi fuskata a jiƙe, ta dubi moɗar.

"Ka sha?"

"Na sha, Inna." Na ɗaga moɗar. "Ta wa ce?"

Ta sauke bokitin a ƙasa. Ta gyara buhun da ke kan randar gefe, ko da yake ba abin da ya same shi.

"Ta Abakar ce," in ji ta.

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Na durƙusa a wurin da moɗar a hannuna. Ta bar ni na yi mai isata, tana tsaye tana kare ni daga rana da mayafinta. Da na ɗago, ta turo mini bokitin da ƙafa.

"Tashi ka zuba," ta ce. "Ta tsakiyar ce ke saurin ƙarewa."